Cinikin Wasiƙun Matan Shugabanni: Ina Darajar Takarda Take?

MAIDUGURI — Sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin daren 9 wayewar 10 ga watan Satumba na shekarar 2024, ruwan kogin Ngadda ya malalo cikin gari, ya shiga Kasuwar Monday da harabar fadar Shehun Borno da unguwannin Gwange da Gamboru. Da ruwa ya janye, sai aka shiga lissafin asara, watau gidaje da kantuna da buhunan hatsi da motoci. Akwai wata asarar da ba kasafai take shiga irin wannan lissafi ba, ita ce ta takardun da ke cikin adaka a ƙarƙashin gado: takardun fili, da shaidar karatu, da tsofaffin wasiƙun da iyaye suka bari, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sa hannun manyan ƙasa.

Takardar fili kowa ya san kuɗi ce. Wasiƙa kuwa, galibin mutane sun ɗauke ta abin tunawa kawai. Amma a Turai da Amurka wasiƙun shahararrun mutane haja ce mai dillalanta da gidajen gwanjonta da 'yan damfararta, kuma wani reshe na wannan ciniki ya tsaya ne kacokan kan wasiƙun matan shugabannin ƙasa. Ya kamata ɗan kasuwar da aka kawo wa irin wannan takarda, ko wanda ya gaje ta, ya san abin da ke ɗaga farashinta da abin da ke kayar da shi, da kuma inda doka ta ja masa layi.

Darasin uwargidan Kennedy

Babu uwargidan shugaban ƙasa da aka yi cinikin kayanta kamar Jacqueline Kennedy, matar shugaban Amurka John Kennedy wanda aka harbe cikin 1963. Ta rasu cikin watan Mayu na 1994, sa'an nan cikin Afrilu na 1996 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kayan gidanta a birnin New York. An ƙiyasta kayan ba za su kai dala miliyan 5 ba, sai ga shi an tashi da kimanin dala miliyan 34 da rabi. Wata sarƙar wuya ta lu'ulu'un ƙarya, wadda aka yi wa kuɗi dala 500 zuwa 700, an saye ta dala 211,500. Suna aka saya, gama ita sarƙar kanta ana samun irinta a kowane kanti.

Wannan ya sa mutane da yawa suka zaci duk takardar da ke da sunanta dukiya ce. Ba haka abin yake ba. Cikin makonni bakwai da kashe mijinta ta sami wasiƙun ta'aziyya wajen 800,000, kuma amsar da akasarin masu ta'aziyyar suka samu kati ne da aka buga a maɗaba'a. Irin wannan kati yana da yawa a hannun jama'a, don haka kuɗinsa kaɗan ne. Wanda ke da tsada shi ne abin da ta zauna ta rubuta da hannunta, ta faɗi abin da ke cikin ranta. Cikin watan Maris na 2017 kamfanin Bonhams ya yi gwanjon wasiƙunta kusan 20 a Landan, waɗanda ta aika wa David Ormsby-Gore, tsohon jakadan Ingila a Amurka, mutumin da ya nemi aurenta ta ƙi, ta auri attajirin jiragen ruwa Aristotle Onassis cikin 1968. A cikinsu har da wadda ta yi masa bayanin dalilinta. An same su ne kulle cikin akwatuna a gidan zuriyarsa, ba su taɓa fita hannun kowa ba, aka sayar da su fam 100,000.

Abubuwa uku ne suka haɗu a wannan ciniki: rubutun hannu, da magana mai nauyi, da sanin hannun da takarda ta biyo tun daga ranar da aka rubuta ta. Na ukun nan ya yi kama da abin da malaman hadisi ke kira isnadi. In silsila ta yanke, ko da matani ya yi kyau, sai a yi ta ɗari-ɗari da shi.

Takardun Better Life da na Tallafa wa Iyali

A Nijeriya, ofishin uwargidan shugaban ƙasa ya zama ofishi mai fayil da sakatarori ne a zamanin Hajiya Maryam Babangida, wadda ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, watau Better Life, cikin watan Satumba na 1987. An tsara shirin ne hawa-hawa: matar gwamna ita ke shugabanta a jiha, matar shugaban ƙaramar hukuma a ƙaramar hukuma, a ƙasa kuma ga ƙungiyoyin gama-kai na mata. Hajiya Maryam Abacha ta biyo baya da shirin tallafa wa iyali cikin 1994, da kuma na bunƙasa tattalin arzikin iyali cikin 1997. Duk wannan aiki da takarda aka yi shi, gama a lokacin wayar hannu ba ta yaɗu ba. Takardun gayyata, da na godiya, da na yabo, da shaidar halartar taro sun yi ta kai da kawowa tsakanin Legas da Abuja da manyan biranen jihohi irin su Maiduguri.

Mai tara irin waɗannan takardu tilas ya iya rarrabe su, domin ba ajinsu ɗaya ba. A can ƙasa akwai takardar da aka buga ɗaruruwa, sa hannun ma bugawa aka yi tare da rubutun. Wannan ba ta fi kalanda daraja ba. Sama da ita akwai wasiƙar ofis da sakatare ya tsara, akawu ya buga da tafireta, aka kai wa uwargida ta sa hannu, ko kuwa wani jami'i ya sa a madadinta. Sa'an nan akwai wadda aka buga amma ta ƙara layi biyu ko uku da alƙalaminta a ƙasa. A ƙololuwa kuma sai wadda ta rubuta gaba ɗaya da hannunta zuwa ga ƙawa ko 'yar'uwa ko abokiyar aiki. A kasuwannin waje ratar da ke tsakanin ta ƙasa da ta sama kan ninka sau da yawa, kuma ko tsakanin wasiƙun hannu biyu, wadda ta taɓo wani babban al'amari na tarihi ta fi wadda ta tsaya ga gaisuwar Salla.

Akwai kuma na'urar sa hannu, wadda manyan ofisoshi a Amurka suka daɗe suna amfani da ita. Tana riƙe alƙalami na gaske, ta zana sa hannun mutum da tawada ta gaske. Hanyar gane ta ita ce a ɗora takardu biyu a ɗaga su wajen haske: in sa hannun ya hau kan juna daidai wa daida, to na'ura ce, domin ɗan Adam ba ya sa hannu iri ɗaya sak sau biyu.

Yadda ake kama jabu

Inda duk kuɗi ya shiga takarda, ɗan damfara na biye. Cikin shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Lawrence Cusack ya fito da ɗaruruwan takardu da ya ce na shugaba Kennedy ne, wai ya same su cikin fayilolin mahaifinsa, wanda lauya ne. Masu zuba jari suka saya har na kimanin dala miliyan 7, bayan wasu masu duba rubutun hannu sun ce sahihai ne. Abin da ya tona asirinsa ba siffar rubutu ba ce. An ga lambar shiyyar gidan waya a kan wata takarda da aka ce an rubuta kafin 1963, alhali kuwa sai cikin shekarar ne Amurka ta fara amfani da irin wannan lamba. An kuma gano cewa an yi gyara da wata irin tafireta wadda ba a ƙera ta ba sai cikin shekarun 1970. Kotu ta same shi da laifi cikin 1999, aka ɗaure shi shekara kusan goma.

Wannan dabara ta auna takarda da zamaninta ta fi kowace sauƙi, kuma ɗan Nijeriya yana da ma'aunai masu kyau a hannu. An ƙirƙiro Jihar Yobe daga Borno ne ranar 27 ga Agusta 1991, saboda haka wasiƙar 1989 da ta ambaci Jihar Yobe ta kashe kanta. Fadar gwamnati ta tashi daga Barikin Dodan da ke Legas ta koma Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. Janar Babangida ya hau mulki ranar 27 ga Agusta 1985, ya sauka cikin Agusta 1993. Janar Abacha ya hau ranar 17 ga Nuwamba 1993, ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998. Wayar salula ta GSM ba ta zo ba sai 2001, don haka lamba mai farawa da 080 a kan takardar 1995 shaida ce a kan mai ita. Haka nan sunan gwamna: takardar da aka ce an aika wa matar gwamnan Borno cikin 1991 dole ta dace da zamanin Muhammadu Buba Marwa, wanda ya riƙe jihar daga 1990 zuwa farkon 1992.

Ambulan ma shaida ce, kuma kuskure ne babba a jefar da ita. Kan sarki da hatimin gidan waya suna nuna rana da garin da aka jefa wasiƙa, kuma ƙirƙirar su ya fi kwaikwayon sa hannu wuya nesa ba kusa ba. Tafireta tana barin gurbi a bayan takarda wanda yatsa ke ji, na'urar buga takarda ta kwamfuta kuwa ba ta bari. Takardar shaidar sahihanci da dillali kan haɗa da haja, ita kuma, ba ta fi amincin wanda ya ba da ita ba.

Wa ya mallaki wasiƙa?

Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Wanda aka aika wa wasiƙa shi ya mallaki takardar da tawadar, yana iya ajiyewa ko ya sayar. Amma kalmomin da ke ciki na marubucin ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta lissafta wasiƙa cikin ayyukan rubutu, ta kuma kāre ta har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Hajiya Maryam Babangida ta rasu ranar 27 ga Disamba 2009, ke nan wanda ya sayi wasiƙarta ta ƙashin kai ba shi da ikon buga ta a littafi ko jarida ba da yardar magadanta ba har ƙarshen shekarar 2079.

Ko sayarwar ma tana iya cin tura in iyali suka nuna rashin yarda. Cikin 2014 wata kwalejin addini da ke Dublin, a ƙasar Ailan, mai suna All Hallows, wadda bashi da ƙarancin ɗalibai suka dama, ta kai gwanjo wasiƙu fiye da 30 da Jacqueline Kennedy ta rubuta wa wani limamin kwalejin, Joseph Leonard, tsakanin 1950 da 1964. An yi hasashen za su kai yuro miliyan 1.2. Da jaridu suka fara buga abin da ke ciki, wanda ya haɗa da damuwarta game da aurenta da imaninta, sai ƙura ta tashi. Cikin watan Mayu aka janye su daga gwanjo, daga bisani aka miƙa wa iyalin Kennedy, kwalejin kuma ta sanar da rufewa. A ƙasar da sirrin gida ke da nauyi irin na Arewa, inda wasiƙa tsakanin mata biyu amana ce, mai niyyar kai irin wannan kasuwa sai ya auna abin da zai samu da abin da zai rasa na mutunci.

Takardar da aka zare daga fayil ɗin gwamnati kuwa zancenta daban ne. Ta gwamnati ce, wurinta ma'adanar takardu ta ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 30 ta 1992 ta tsara aikinta, kuma reshenta na Arewa yana Kaduna. Ramin huda a kusurwa, da lambar shafi da aka rubuta da jan alƙalami, da bayanan jami'ai a gefe, duk alamu ne cewa takarda ta fito daga fayil. Mai sayen ta kayan sata ya saya.

Wasiƙun da suka girme wa Maiduguri

Duk wanda ya fara neman tsofaffin wasiƙu a Borno ba zai daɗe ba za a nuna masa waɗanda suka fi na matan shugabanni shekaru da nisa, domin ƙasar ta daɗe da sanin wasiƙar sarauta. Cikin 1391 ko 1392 Mai Usman ɗan Idris ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ yana ƙarar wasu Larabawa da ke kama mutanensa suna sayarwa, kuma marubucin fadar Masar Alƙalƙashandi ya kwafe wasiƙar cikin littafinsa Subhul A'asha, shi ya sa ta kai zamaninmu. Muhawarar da Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi ya yi da Muhammadu Bello ta hanyar wasiƙu tana cikin Infaƙul Maisuri. Baturen nan Denham, wanda ya zauna a Kukawa, ya tafi da wasiƙar Shehu Elkanemi zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, aka buga fassararta cikin littafin tafiyarsa na 1826. Akwai kuma mahram, takardar da Mai kan ba gidan malamai yana ɗauke musu haraji da aikin yaƙi, su da zuriyarsu. A taƙaice takardar rangwamen haraji ce, shi ya sa gidaje suka riƙe ta gam, suna sake kwafe ta in ta tsufa. Da yawa daga cikin waɗanda ke hannu yau kwafi ne na baya.

Irin waɗannan takardu akan gane su da hatimin mai aikawa, da rubutun Barnawi mai kauri, da kuma alamar jinjirin wata uku da ke bayyana cikin takardar in an ɗaga ta wajen haske, wadda ke nuna takarda ce ta Italiya da fatake suka ƙetaro Sahara da ita ta Tarabulus. Amma ɗan kasuwa ya yi hattara. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta sa rubutun hannu da takardun da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana kowa sayen kayan tarihi sai wakilin da hukuma ta amince da shi, ta hana sayar wa wanda ba shi ba, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Garin Yerwa kansa an kafa shi ne cikin 1907, zamanin Shehu Abubakar Garbai, ke nan wasiƙun Kukawa da na zamanin Rabeh, wanda ya ci Borno cikin 1893 aka kashe shi a Kusuri cikin 1900, duk suna ƙarƙashin wannan doka. Gidan da ya gaji irinsu yana iya riƙe abinsa, amma ba haja ba ce ta kai wa baƙo a otel. Cibiyar nazarin al'amuran ƙetaren Sahara ta Jami'ar Maiduguri, da gidan tarihi na ƙasa da ke garin, da Gidan Arewa a Kaduna, su ne wuraren da ake kai su a duba.

Wasiƙun matan shugabanni ba su shiga wannan haramci na 1918 ba, gama jiya-jiya aka rubuta su. Matsalarsu ta kasuwa ce.

Lissafin riba

Haja ba ta da farashi sai da masu saye biyu da ke takara. Abin da ya ɗaga wasiƙun Kennedy shi ne dubban masu sha'awa, da kundin farashin gwanjon baya da kowa ke iya dubawa. Gidajen gwanjon Legas, irin su Arthouse da ya fara cikin 2008, zane-zane da sassaƙa suka fi mayar da hankali a kai. Mai wasiƙar uwargidan shugaban Nijeriya zai tarar masu sha'awarta su ne iyalinta, da masu binciken tarihi, da cibiyoyi irin cibiyar raya mata ta ƙasa da ke Abuja, wadda aka sa wa sunan Maryam Babangida cikin 2023. Masu bincike ba su da kuɗi, cibiyoyi kuma sun fi son kyauta.

Ko a inda kasuwar ta kafu, la'ada na cinye riba. Manyan gidajen gwanjo kan ɗora wa mai saye kashi 25 cikin 100 ko fiye a kan farashin da aka buga guduma, su kuma yanki wani kaso daga mai sayarwa. Alal misali, in an buga guduma a kan naira miliyan 1, mai saye zai biya 1,250,000. In ya tashi sayarwa aka cire masa kashi 10, sai farashi ya kai kusan 1,389,000 kafin uwar kuɗinsa ta dawo, watau tashin kashi 39 cikin 100 ba tare da ya ci ko kwabo ba. A tsawon wannan jira takarda ba ta haihuwa kamar tunkiya, ba ta kawo haya kamar shago.

Waɗanda suka manta da wannan lissafi sun ji jiki a Faransa. Kamfanin Aristophil na birnin Paris ya tara wasiƙu da rubuce-rubucen hannu fiye da 100,000, ya riƙa sayar wa jama'a kaso-kaso a cikinsu da alkawarin ribar kimanin kashi 8 cikin 100 a shekara. Mutane wajen 18,000 suka zuba kusan yuro miliyan 850. Takardun na gaske ne, farashin da kamfanin ya yi musu ne na iska. 'Yan sanda suka dira a ofishinsa cikin Nuwamba 2014, aka rushe shi cikin 2015, da aka fara gwanjon kayan cikin Disamba 2017 kuma da yawa ba su kai ko kusa da kuɗin da aka saye su ba.

Adana abin da ke hannu

Ga akasarin gidajen Maiduguri, abin da ke gabansu shi ne kada takardar ta lalace kafin a zo maganar kuɗinta. Zafin bazara da kan haura digiri 40 da bushewar hunturu suna sa takarda ta yi ƙarau ta karye a wurin ninki, damina ta kawo laima, gara kuma ba ta da lokaci. Babbar ɓarna, duk da haka, ita ce wadda mai takarda kan yi da hannunsa da nufin gyara, watau kai ta shago a liƙe ta cikin leda da na'ura mai zafi. Ledar ba ta ɓantaruwa ba tare da ta tafi da rubutu ba, kuma masu saye a waje suna ɗaukar takardar da aka yi wa haka a matsayin wadda ta lalace. Salatif yana barin tabo ruwan ƙasa, ƙusar matse takarda tana tsatsa, rataye wasiƙa a bango kuma yana sa hasken rana ya cinye tawadar.

Abin da ma'aikatan adana takardu ke yi shi ne su buɗe ninkin, su shimfiɗa kowace tsakanin fararen takardu biyu, su sa cikin akwati mai murfi a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa. A wata takarda daban, da fensir, akan rubuta wanda ya aiko, da wanda aka aiko wa, da yadda ta zo hannun mai ita, tun dattawan da suka san labarin suna raye. Akan ɗauki hotonta gaba da baya har da ambulan, a ajiye hoton a wani gari. In kuwa ruwa ya riga ya taɓa ta, kwana biyu ke akwai kafin fumfuna ta kama: a shimfiɗa ta a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a shanya a rana, kada a sa dutsen guga, kada kuma a yi ƙoƙarin raba shafukan da suka manne tun suna jiƙe. Madatsar Alau ta taɓa ambaliya cikin 1994, shekara 30 cif kafin ta 2024.